Amanar Ƙasa A Anka Da Gummi Da Bukkuyum

Mu da muka tashi a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum mun tarar da iyayenmu sun san iyakar kowace gona, da burtalin da shanu ke bi, da mashayar da ba a yi wa shinge. Mai neman gona wurin dagaci yake zuwa, dagaci ya kai maganar ga hakimi, a yanka masa daji a gaban shaidu. Lalle akwai hakiman da suka karɓi gaisuwa suka danne marayu, amma duk da haka wanda ya yanka ƙasa yana zaune cikin mutanen da abin zai shafa, kuma da su zai yi sahu ran Juma'a.

Wannan tsari yana da tushe a shari'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan yadda mutum ke samun haƙƙi a ƙasar da ba ta da mai ita. Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa ruwa da ciyawar daji na tarayya ne, kuma shugaba yana keɓe hurumi domin amfanin jama'a, kamar yadda Sayyadina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka.

Turawa ne suka fara mayar da ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna a 1910. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya zare mulki daga hannun sarakuna, sa'an nan a 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta a matsayin amana. Ta kuma ba ƙaramar hukuma damar ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. To, daga nan magana ta tashi daga zauren dagaci ta koma cikin fayil, kuma mai takarda ya fi mai shaidu ƙarfi.

Abin da ya biyo baya a idonmu aka yi shi. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye burtali, masu hali suka sami yanki a dajin da aka keɓe, masu gawayi suka bi itatuwan da suka rage. Makiyayi ya rasa hanya sai ta cikin gona, manomi ya rasa mai raba gardama da sauri. Akwai wasu dalilan na fitinar 'yan bindiga, amma wannan rashin alƙibla yana cikin abin da ya share mata fage.

Maganar ma'adinai ta fi haka ɗaurin kai. Doron ƙasa na hannun Gwamna, abin da ke ƙarƙashinta kuwa tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya, lasisi kuma daga Abuja yake fitowa. Da zinariya ta yi tsada, talakawa suka riƙa kwaso dutse suna daka shi suna niƙa shi a cikin gidaje, ba su san yana ɗauke da dalma ba. Agwagi suka fara ƙarewa a tafkuna, daga baya yara suka shiga suma da farfaɗiya. A 2010 aka gano musibar a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Yargalma, yara kimanin 400 suka rasu. Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta yi jinyar dubbai, aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, amma Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare ta. A 2019 aka hana haƙar ma'adinai a Zamfara, a Disamban 2024 aka ɗage hanin. Duk a nesa aka yanke waɗannan hukunce-hukunce, mu kuwa a nan muka binne 'ya'yanmu.

Saboda haka muke kira gare ku, ma'aikatan gwamnati. Kalmar amana tana cikin dokar 1978 kanta. Kafin ku sa hannu a takardar fili, ku je ku ga filin, ku tambayi manomi da makiyayi da mai unguwa, ku duba ko burtali ne ko mashaya. Ku kuma alhazai 'yan kasuwa, masu sayen zinariya da gawayi da manyan gonaki, halaccin ciniki bai tsaya ga biyan kuɗi ba. Ku binciki inda aka niƙa dutsen, da wanda aka tayar daga gonar. Ku sa sharaɗi a niƙa shi nesa da gari, a jiƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, ma'aikata su yi wanka su sake tufafi kafin su shiga gida.

Komawa zamanin dagaci ba zai yiwu ba, amma ana iya dawo da abin da ya sa tsarinsa ya yi amfani, watau shaidu da shawara da jin kunyar maƙwabci. Allah ya jiƙan yaranmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.