Kinugawa: Otal ɗin da Ya Haɗiye Gari

Bayan an tashi daga taron masana da ya kai ni birnin Tokyo, sai na tarar da sauran kwana biyu kafin ranar komowata gida. Wani abokin aiki Bajapane, malami a ɗaya daga cikin jami'o'in birnin, ya ce da ni: "Dakta, wanda ya ga Tokyo kaɗai bai ga Japan ba. Ka fita karkara ka kwana a garin ruwan zafi." Japan ƙasa ce mai yawan duwatsu masu aman wuta, saboda haka ruwa mai zafi yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa a dubban wurare. Suna kiran irin wannan maɓulɓula onsen, har da dokar da aka kafa a 1948 wadda ta fayyace ruwan da ya cancanci sunan: ko zafinsa ya kai digiri 25 a inda yake fitowa, ko yana ɗauke da wasu ma'adinai da dokar ta lissafa. A bisa wannan ma'auni, ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin kusan digiri 31, da a Japan yake da shi ma ya amsa sunan.

Na zaɓi Kinugawa, wani gari a cikin duwatsun jihar Tochigi, tafiyar kimanin awa biyu a jirgin ƙasa daga unguwar Asakusa ta Tokyo. Zaɓen garin bai ba ni wuya ba, masauki ne ya hana ni barci. Masaukan irin waɗannan garuruwa iri biyu ne. Akwai ƙaramin gidan baƙi na gargajiya da ake kira ryokan, mai ɗakuna goma ko ashirin, wanda sau da yawa iyali guda ke riƙe da shi tun kaka da kakanni. Akwai kuma katafaren otal mai hawa goma ko fiye, mai ɗaruruwan ɗakuna. Duk wanda na shawarta ƙaramin gidan yake yabo, domin can ne ake samun karamcin Japanawa na asali. Duk da haka babban otal na kama, kuma ina da dalilai uku.

Na farko abinci. A waɗannan masaukai ana biyan kuɗi ne a kan kowane mutum, kuma kuɗin ya haɗa da abincin dare da na safe. A ƙaramin gida mai girki ne ke yanke abin da za a ci, a jero wa baƙo ƙananan kwanuka kusan goma, kuma abin kunya ne a mayar da su ba a taɓa ba. Girkin Japanawa kuwa yana yawan amfani da barasar shinkafa wajen haɗa miya, ga naman alade da kan ɓuya cikin romo. A babban otal abinci a baje yake a kan dogayen tebura, kowa ya ɗebi abin da ransa ke so, galibi da ɗan kati a gaban kowane kwano. Musulmi na iya tsayawa a kan gasasshen kifi da farar shinkafa da ganye da 'ya'yan itace ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba.

Na biyu al'aura. A wurin wankan jama'a na onsen maza da mata a rabe suke, amma kowa tsirara yake shiga, ba a yarda ko tawul ya taɓa ruwan ba. Wannan a wurinsu tsabta ce, a wurina kuwa abu ne da ba zan iya ba. Manyan otal-otal da dama suna da ƙananan ɗakunan wanka da mutum zai kama na wajen minti arba'in da biyar, ya kulle ƙofa shi kaɗai ko da iyalinsa. Na uku kuwa, ni kaɗai nake tafe, kuma ƙananan gidaje ba su cika maraba da baƙo guda ba, domin ɗakin mutum biyu zai kwana da kuɗin mutum ɗaya.

Otal ɗin bai saɓa alkawari ba. An ba ni ɗaki mai shimfiɗar tabarmar tatami, da taga mai kallon kwazazzabon da kogin Kinugawa ke bi. An ba ni rigar yukata, tare da gargaɗin a ɗora ɓangaren hagu a kan na dama, domin akasin haka gawa ake yi wa. Na cuɗa jikina da sabulu a gefe kamar yadda ƙa'ida ta tanada, sannan na shiga ruwa mai zafin kusan digiri 41, garau, ba launi ba wari. Gajiyar mako guda ta sake ni. A hawan ƙasa akwai kantin tsaraba, da wurin shan shayi, da ɗakunan waƙa, da zauren wasannin yara. Babu abin da baƙo zai nema wanda zai sa ya taka ƙofar waje.

Bayan abincin dare sai na ce bari in zaga gari. Ƙarfe takwas ba ta cika ba, amma titin da na bi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Kantuna da yawa a rufe, wasu ƙofofinsu sun yi tsatsa, alamar rufewar ba ta dare ɗaya ba ce. A bayana otal na ta walƙiya da fitilu, ɗaruruwan mutane na ci suna sha a ciki, a gabana kuwa babu ko mai sayar da shayi. Washegari da safe na bi bakin kogin zuwa arewa, na tsaya a kan wata gada mai lilo. Daga nan na ga jerin manyan otal-otal da aka yi watsi da su, manne da gaɓar kwazazzabo, tagogi a farfashe, ciyayi sun haye bango. Girmansu bai gaza na wanda na kwana a ciki ba.

Tarihin waɗannan kangaye sananne ne. A zamanin Edo ruwan nan na sarakuna ne da limaman da ke ziyartar Nikko, inda hubbaren Tokugawa Ieyasu yake. Da jirgin ƙasa ya iso sai jama'a suka samu hanya. Daga shekarun 1960 zuwa 1980, lokacin da arzikin Japan ke haɓaka, kamfanoni sun saba kwasar ma'aikatansu a manyan motoci su kawo su hutun kwana ɗaya. Masu otal suka ci bashin banki suka yi ta ƙara hawa, suka shigo da kantuna da wuraren nishaɗi cikin gininsu domin kada ko yen ɗaya ya fita waje. Baƙo ya daina yawo a titi, ƙananan 'yan kasuwa suka rasa ciniki. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a farkon shekarun 1990, yawon kamfanoni ya ja baya, matafiya suka koma zuwa biyu-biyu ko iyali-iyali, suna neman garin da za su zaga, ga shi garin ya riga ya bushe. A 2003 bankin Ashikaga, babban bankin jihar, ya karye har gwamnati ta karɓe shi, otal-otal da dama suka bi shi. Rushe gini a bakin kwazazzabo aiki ne mai tsada, shi ya sa suke tsaye har yanzu.

Akwai garin da ya bi wata hanya dabam. A Kurokawa, cikin jihar Kumamoto, masu gidajen baƙi kimanin talatin sun haɗa kai suka ɗauki garin duka a matsayin masauki guda: kowane gida ɗaki ne, tituna kuma su ne baranda. A 1986 suka fito da wani allon katako da baƙo zai saya ya yi wanka a gidaje uku da ya ga dama. Baƙo ya koma titi, ciniki ya zagaya, ƙauyen da a da ba a san shi ba ya yi suna a duk faɗin ƙasar.

Ban yi nadamar zaɓina ba, domin ya tsare mini cikina da mutuncina. Amma da zan sake, da na ƙara tambayoyi biyu a kan ukun da na yi. Ɗaya a kan ruwa: a 2004 an gano wasu masaukai a Japan suna zuba launi a ruwansu, wasu suna dafa ruwan famfo suna kiran sa onsen, shi ya sa daga 2005 aka wajabta liƙa sanarwar ko ana ƙara wa ruwa na famfo, ko ana ɗumama shi, ko ana tacewa a sake amfani da shi. Babban kwami yana shan ruwa da yawa, saboda haka sanarwar ta fi hoton talla muhimmanci. Ta biyu a kan gari: shin otal ɗin yana kusa da titi mai rai, kuma zai yarda in biya kwana da karin kumallo kawai, in ci sauran abincina a waje?

Kafin in hau jirgi na zauna a dandalin tasha, inda aka yi ɗan kwamin jiƙa ƙafa kyauta, na tsoma ƙafafuna tare da wasu tsofaffi biyu. Ba mu jin harshen juna, amma ɗayansu ta miƙo mini lemo. Na biya otal kuɗin kwana da na abinci da harajin wanka na yen 150, amma a wannan dandali ne kaɗai na zauna da mutanen Kinugawa. Duk mai shirin gina katafaren masauki a bakin Wikki ko wani wuri irinsa, ya kamata ya fara tsayawa a kan waccan gada mai lilo ya dubi abin da na gani.