Yadda Muka Shata Unguwar Boro da Igiya da Turke

Ba injiniya ne ya zana Unguwar Boro da na tashi a cikinta ba. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, masaƙun Kakuri na kan ganiyarsu, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa gefen hanyar Kachia suna yankar filaye a hannun Gbagyi masu ƙasa. Mahaifina na cikinsu. Maƙwabcinmu na dama Bajju ne, na hagu Atyap, a bayanmu wani tela Bayarabe, kuma da Hausa kowa ke ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake sulhu.

In za a buɗe sabon layi, mai unguwa kan tara masu gidaje ranar Asabar da la'asar a ƙofar gidansa. A ja igiya, a kafa turke, a yi ta muhawara kan faɗin hanya. Ma'aunin dattawa ɗaya ne: motar da za ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare ta iya shiga ta juyo. Wanda katangarsa ta ci hanya, mutum uku za su same shi da sassafe, bayan gaisuwa su ce, "Malam, a ɗan ja baya, hanyar ta jama'a ce." Yakan yi ƙorafi, amma ya ja, domin gobe shi ma zai nemi waɗannan mutanen.

Waɗanda suka fi kowa sanin inda haɗari yake iyayenmu mata ne. Su ke fita ɗiban ruwa kafin gari ya waye, su ke tuyar ƙosai har bayan isha'i. Su suka nuna lungun da 'yan shaye-shaye ke laɓewa, da kwazazzabon da ke cika da damina a kan hanyar yara ta zuwa makaranta. Saboda maganarsu aka sare ciyawar kangwaye, aka wajabta wa kowane gidan da ke kan kwana ya rataya ƙwan lantarki a waje, aka yi karo-karon siminti muka zuba kwalbati da aikin gayya. Ni aikina ɗaukar yashi ne a kwano, kuma har yau ina jin daɗin tuna cewa da hannuna a ciki.

Sai filin ƙwallonmu. An sha zuwa da kuɗi a saye shi, dattawa suka ƙi. Hujjarsu ita ce yaron da ke fili ana ganinsa daga ƙofar gida, wanda ba shi da wurin wasa kuwa sai lungu. Da dare 'yan sintiri ke taruwa a nan da usur da tocila da gora, Musulmi da Kirista a jere guda, kowane gida na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata.

Sai da na girma na ji labarin Max Lock, mutumin Ingila da ya fitar da babban tsarin birnin Kaduna a 1967, ya hango shi har zuwa 2017. Garin ya tumbatsa ya wuce takarda, unguwanni irin tamu suka tsara kansu gwargwadon iyawarsu.

Rikicin da ya ɓarke a Kaduna a Fabrairu 2000 ya tashe mu. Muka haye kogi muka koma Tudun Wada, maƙwabcinmu Bajju ya riƙe mana makullin gida har aka sayar. Bayan na Nuwamba 2002, kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane, kuma a hayin biyu aka shiga kafa ƙofofin ƙarfe a bakin layuka. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya ga yadda aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist a Damishi ranar 5 ga Yuli 2021, a cikin ƙaramar hukumar Chikun da Unguwar Boro ke cikinta, ba zai ce mutane su kwana ƙofa a buɗe ba.

Abin da nake kewa shi ne zaman shawarar. Shirin sabunta birni da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ya kawo manyan tituna da gadoji, kuma na yaba. Amma tsaron yarinyar da aka aika kanti da magariba a cikin layi yake, inda taswira ba ta cika shiga ba. Yanzu akwai tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu don a sa a kasafin kuɗi, kuma ina masa fatan alheri. Roƙona ga masu kiran taron wannan tsari a Unguwar Boro shi ne kada a tsaya kan masu gidaje kaɗai. A kira 'yan haya, a kira mai ƙosai da ɗan acaɓa da malamar firamare, a tambaye su wane layi ne ke buƙatar fitila, wace magudana ce ke toshewa, wane fili ne ya rage da za a killace wa yara kafin a yanka shi.