Sabo Turken Wawa?

'Yan'uwa, mu da muka koyi kwamfuta a kan Windows XP mun san zafin sauyi. A 2012 Windows 8 ya cire maɓallin farawa, jama'a suka yi ta ƙorafi har aka maido da shi a 2013. Windows 11 kuwa, a 2021, ya kai shi tsakiya. Samarinmu sun yaba, dattawanmu sun yi tsaki. Ba mu ganin wauta ga dattijon da hannunsa ya saba da wuri guda. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025, ƙaura ta zo. Mu fara kwafe takardun iyayenmu, mu mayar musu da maɓallin hagu, mu koya musu cikin ladabi. Allah Ya sa mu dace.