Ta Ina Za a Fitar da Ni?

Takardar tana nan har yau a ƙasan akwatina, ta yi laushi don yawan ninkewa. Zanen gidana ne na farko, wanda na tsara ni kaɗai a ƙarshen shekarar 2018, na kai wa wani mai zanen gine-gine a Gumel ya fitar mini da shi tsaf. Ban san dare nawa na kwashe a kansa ba. Abin da na sani shi ne, duk tsawon dararen nan matata tana kwance a gefena, mahaifiyata tana ɗakin da ke kallon namu, kuma ban nemi shawarar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ni haifaffen Maigatari ne, sana'ata sayen riɗi da zoɓo. Ina bin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, ina jiran abin da ke shigowa daga Dungas da Magarya a ƙasar Damagaram, ina tara wa manyan 'yan kasuwa buhu-buhu. Ranar Alhamis, ranar kasuwarmu, garin ba masaka tsinke: raƙuma, shanu, tumaki, manyan motoci masu lodin dabbobi zuwa kudu. Tun da aka kafa yankin ciniki maras shinge a nan a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, mu samarin lokacin muka sa a ranmu cewa garinmu zai zama birni, baƙi za su riƙa zuwa daga Kano da Legas har da ƙetare. Da wannan tunanin na girma, kuma da shi na zauna zana gida. A raina baƙon nan nake gina wa, wanda zai sauko daga mota, ya shigo, ya duba sama da ƙasa, ya san cewa da mutum yake ciniki.

Fulotina hamsin ne a ɗari, fuskarsa tana kudu, wajen titi. Na ware ƙafa talatin a gaba don ajiye mota, alhali a lokacin babur gare ni. Sauran filin na cika shi da gini dunƙule guda, irin wanda na gani a hoton waya na wani gida a Abuja. Falo ƙafa ashirin a ashirin da huɗu. Kusa da shi wurin cin abinci na teburi. Daga falon sai wani siririn lungu mai faɗin ƙafa uku ya ratsa ciki, ya karya kwana, ɗakuna huɗu suna buɗewa a cikinsa, kowanne da banɗakinsa. Kicin ɗan ƙarami a ciki, ƙafa takwas a goma. Ƙofar shiga guda ɗaya ce tak, ta falo. Ɗakin Inna na sa shi can ƙarshen lungun, a kusurwar yamma, wai don ta samu shiru. Tsakar gida kuwa babu. Abin da ya rage tsakanin gini da katanga bai wuce hanyar akuya ba.

Ba wai ban san gida ba ne. A gidan kakanmu na tashi, gidan ƙasa mai rufin azara. Zaure ne a bakin hanya, inda Baba yake karɓar baƙi, almajirai su kwana, matafiyi ya sha ruwa. Ka wuce shi sai fili, sannan shigifa, kuma ba a taɓa daidaita ƙofofin nan a saiti ɗaya ba, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Bayan nan ne tsakar gida take, da turmi, da randa a gindin bishiya, da murhu, da igiyar shanya, da turken awaki, ɗakunan mata suna kewaye. Na san wannan duka kamar tafin hannuna. Amma a lokacin ina yi masa kallon tsarin talauci. Ban taɓa tsayawa na lura cewa kowace kwana a gidan nan amsa ce ga wata buƙata ba.

Mai zanen ya yi nasa ƙoƙarin. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, iyali nawa ne za su zauna?” Na faɗa masa. Ya ce, “To ina za su sha iska?” Na ce akwai fanka. Bai ƙara ba, ya zana abin da na biya shi ya zana. Gyara ɗaya kawai na karɓa, shi ma daga bakin birkila, ranar da ake fitar da fandisho. Ya nuna mini cewa biyu daga cikin banɗakunan suna fuskantar gabas, alƙiblarmu kuwa gabas ce da ɗan karkata arewa. Nan take na ce a juya su kudu da arewa. Na ji tsoron Allah a kan wannan, na kuma gode masa. Sai dai haƙƙin mutanen da za su rayu a cikin gidan, shi ma abin tsoron Allah ne, bai zo mini a rai ba.

Aiki ya tafi da sauri a farkon 2019. Kafin damina ta kankama bulo ya kai linta. Sai ga watan Agusta, gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Wanda bai zauna a garin bakin iyaka ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Kasuwa ta yi sanyi, kaya suka daina shigowa, waɗanda nake bi bashi suka daina ɗaga waya, ni ma na fara kauce wa masu bi na. Gini ya tsaya cak, ba rufi, ba ƙofa. Ƙaiƙayin hunturu ya cika ɗakunan, tumfafiya ta tsiro a tsakiyar falona.

A cikin wannan zaman ne, wata Juma'a da yamma a bazarar 2020, matata ta ce tana so ta ga gidan. Shekara guda da rabi ana maganarsa, ba ta taɓa taka shi ba. Na ɗauke ta a babur. Ta shiga ta falo, ta bi lungun, ta leƙa kowane ɗaki, ba ta ce uffan ba. Da ta zo kicin sai ta tsaya a tsakiya ta buɗe hannuwanta, kamar mai auna zani.

“Malam, a ina zan hura icce?”

Na ce gas za a saya.

“Ranar suna fa? Tukunyar mutum ɗari a kan gas? A ina za a yi daka? Wanki fa, ina zan shanya? In kana da baƙi a falo, ni ta ina zan fita, ta ina 'yan'uwana za su shigo? Kuma ka san daga Maris zuwa Mayu ba mai iya kwana a ɗaki. Ina yara za su shimfiɗa tabarma?”

Ba da faɗa ta yi ba, a hankali take jero su, kowace tambaya tana bin 'yar'uwarta. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce mata ba ta san wahalar da na sha ba kafin na ɗora bulo a kan bulo, na ce mata wasu matan godiya suke yi. Wannan magana ita ce ta fi damuna a duk labarin nan, domin na ga yadda ta sunkuyar da kai ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri.” Muka hau babur muka koma, ba mai ce wa wani komai. Shekara goma sha ɗaya tana dafa abin da nake ci, tana sanin inda rana take faɗowa da inda iska take bi a kowane gidan haya da muka zauna, amma na ɗauki tambayarta a matsayin raini.

Bayan mako biyu Inna ta ce ita ma a kai ta. Ni ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika doguwar magana da ni ba. A lokacin ƙafafunta sun fara nauyi, tana dogara sanda. Ta bi lungun nan a hankali, hannunta ɗaya yana shafa bango, har ta kai ɗakin da na ce nata ne. La'asar ce, bangon yamma ya sha rana tun azahar. Ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta janye. Ta juyo ta dubi hanyar da ta biyo, ta daɗe tana kallon kwanar.

“Kai, wannan yaro,” in ji ta. “In ta Allah ta kasance, ta ina za a fitar da ni?”

Na ce, “Haba Inna, Allah ya ƙara miki lafiya.”

Ta ce, “Amin. Amma makara ba ta lanƙwasa.”

Washegari da sassafe na koma ni da wani lebura. Muka ɗauki katako mai tsawon ƙafa bakwai, shi a gaba ni a baya, muka riƙe shi a kwance kamar yadda ake riƙe makara, muka fito daga ɗakin. A kwanar ya cije. Muka juya shi ta kowace fuska, bai wuce ba sai an ɗaga shi tsaye. Na sallami yaron, na zauna a kan bulo na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Na gina wa uwata ɗakin da ba za ta ga jikokinta suna wasa ba, ba za ta ji sallamar maƙwabta ba, zafi zai gasa ta da rai, sannan in ta cika a ɗaga gawarta tsaye.

Da daddare na ba matata haƙuri, na miƙa mata takardar zanen. Ta ce ba ta gane waɗannan layukan. Sai muka koma filin tare, ta karyo tsinke ta tsuguna a kan rairayi, ta zana gida a ƙasa. Cikin abin da bai kai rabin sa'a ba ta warware abin da na kwana ina ƙullawa. Ta ce a rushe ɓangaren gabas, wato wurin teburi da ɗakuna biyu, ya zama tsakar gida, domin da la'asar inuwar ginin za ta faɗo a ciki, daidai lokacin girkin dare. Ɗakunan da suka rage su buɗe ƙofa cikin tsakar gidan, amma a yi musu baranda mai zurfi, tun da hadarinmu daga gabas yake tasowa, ruwa kuma ta nan yake dukan ƙofa. Sito da banɗakuna su koma jikin bangon yamma, su shanye zafin rana a madadin mutane. Madafi a can baya, da rumfa, nesa da ɗakin kwana. Falo a raba shi biyu, rabi ya zama ɗakin Inna, a gaba-gaba, inda duk mai shiga zai gaishe ta. A filin motar kuma a tayar da zaure, da hanyar mata a gefe wadda ba ta ratsa falo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ake faɗa, ni kuwa na manta cewa mai ɗakin ba ni ba ne. Ina fita bayan asuba, ba na dawowa sai isha'i.

A watan Disamba na 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Mfum da tamu ta Maigatari. Ciniki ya fara farfaɗowa, ni ma na koma kan gini, amma da guduma na fara. Rushe bangon da ka saya da guminka ba ƙaramin abu ba ne. Bulo ya farfashe, rodin linta ya lanƙwashe, kuɗin da na ware na tayil da silin ya tafi a gyara. Maƙwabta suka yi ta magana, wasu suka ce asiri aka yi mini, wani abokina ya ce na bar mace ta ja ni da hanci. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Mai zanen nan na Gumel kuwa, da na kai masa zanen rairayi wanda na kwafa a bayan kwali, ya gyara ma'auni, ya daidaita inda sokawe zai zauna, bai tuna mini da maganarsa ta farko ba.

Mun tare a farkon 2022, siminti ne a ƙasa, ba fenti. Yanzu in na bi sababbin unguwanni a Gumel ko Dutse na ga gini ya cinye fuloti daga katanga zuwa katanga, mata sun fito da murhu bakin get, tsofaffi suna zaune a lungu suna fifita, raina yana sosuwa, don na san yadda aka yi aka kai ga haka. Namiji ne ya zauna da waya a hannu, yana tunanin baƙo. Baƙin da na yi wa tanadi sun zo, wasu daga Kano, wasu daga Legas. A zaure muke zama a kan tabarma, mu auna, mu yi lissafi, su tafi. Ba wanda ya taɓa neman ya ga falo.

Inna ta yi wata goma sha tara a ɗakinta. Da hantsi takan fito baranda ta sha ɗumi, jikoki suna karatun allo a gabanta, matan unguwa suna tsayawa su gaishe ta kafin su wuce ciki. Ita ta sa aka dasa darbejiya a tsakar gidan, ita take tuna wa yara su zuba mata ruwan alwala. Ta rasu a daminar 2023, daren Talata, bayan gajeriyar jinya. A ɗakinta aka yi mata wanka, aka haɗa ta. Ƙofar ƙafa huɗu ce, matata ce ta ce a yi ta haka. Mu shida muka ɗauke ta, muka ratsa tsakar gida, muka bi ta zaure zuwa inda jama'a suka yi sahu, makarar ba ta taɓa bango ba.