Rajista Kafin Fili: Hasashen Kakar Ƙwallo a Makarantun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, gidajen kallon ƙwallo na Funtuwa da Malumfashi sukan cika da masu hasashe. Wannan ya ce Arsenal ce za ta ɗauki kofin Firimiya, wancan ya rantse da Real Madrid, kowa da hujjarsa: an sayo wane, an sallami wane, koci ya sake salo. Bayan 'yan makonni, idan ɗalibai sun dawo daga dogon hutu a watan Satumba, sai a shiga wani hasashen a ɗakunan malamai na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Shi wannan ba a jin sa a rediyo. Malamin wasanni ne ke yin sa, da rajistar aji da biro.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma ta jingina da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Manyan makarantun gwamnati da aka fi sani a jihar, irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da ke Dutsinma, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, duk suna can nesa. Saboda haka ƙungiyar ɗaliban da ke ɗaukar sunan gari a nan ita ce ta sakandare, wadda dattawa har gobe suke kira kwaleji.

Akwai wani malamin wasanni a ɗaya daga cikin makarantun jeka-ka-dawo na yankin, ya haura shekara ashirin yana riƙe da usur. Abokan aikinsa sun san shi da wani tsohon littafi mai baƙin bango, inda yake rubuta sunayen 'yan wasansa da lissafin abin da yake tsammani daga abokan karawa. Abin da ke cikin littafin nan ya isa ya nuna wa mai karatu yadda ake auna ƙarfin ƙungiya a wurin da ba a sayen ɗan wasa da kuɗi.

Ƙidayar farko

A makon farko malamin ba ya zuwa fili. Yana bin azuzuwa ne yana duba wa ya dawo. Daga cikin sha ɗayan da suka buga masa bara, huɗu sun rubuta jarrabawar WAEC da NECO sun tafi. Wannan asara ce da kowane koci na makaranta a duniya ya saba da ita, domin ƙungiyar ɗalibai kamar kasuwa take, wasu na shiga wasu na fita. Asarar da ta fi ci masa rai ita ce ta biyun da ba su gama ba kuma ba su dawo ba. Ɗaya iyayensa sun kwashe iyali sun koma Funtuwa bayan an kai hari ƙauyensu. Ɗayan an ce yana Kaduna yana tallan ruwa.

Sai dai abin da ruwa ya kwashe a wannan gaɓa, can gaba yake ajiye shi. A cikin sababbin sunayen rajista akwai yara biyar da suka zo daga ƙauyukan da aka watse, biyu daga cikinsu sun iya taka leda. Malamin ya daɗe da gane cewa wannan ita ce kasuwar musayar 'yan wasa ta yankin. Makarantar da ke cikin babban gari tana ƙaruwa da 'ya'yan 'yan gudun hijira, ta ƙauye kuma tana ramewa. Duk wanda ya san inda jama'a suka tashi da inda suka sauka, ya riga ya san rabin yadda teburin gasa zai kasance. Malamin ba ya murna da wannan riba, don ya san daga hannun wa ta faɗo.

Abin da daren Juma'a ya tafi da shi

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar, alhali ba a daɗe da buɗe makarantu ba bayan rufewar annobar korona da ta fara a watan Maris na shekarar.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan illar wannan dare ga karatu. Illarsa ga wasanni ita ce ba a cika ambata ba. Makarantar kwana ita ce matattarar ƙwallon ɗalibai a Arewa tun zamanin Turawa. A can yara ke kwana wuri ɗaya shekara shida, su ci abinci tare, su fita atisaye kullum bayan la'asar, su kara a gasar gidaje kafin a tsamo gwanaye. Ɗan baya ya san lokacin da mai tsaron gidansa zai fito ba tare da an yi magana ba. A makarantar jeka-ka-dawo kuwa, da an buga ƙararrawar tashi yara sun watse. Wannan yana Islamiyya, wancan yana shagon mahaifinsa, wani ya hau babur yana acaɓa. Da ƙyar malamin ke haɗa su sau biyu a mako.

Yaron da ke ajin ƙarshe yanzu bai wuce shekara sha ɗaya ko sha biyu ba a wancan lokaci. Shekarun da ƙafa ke koyon ƙwallo su ne ya yi cikin rufe makaranta da buɗewa da sake rufewa. Malamin yana ganin haka a fili: yara ne masu ƙarfi da zuciya, amma da yawansu ba su taɓa buga wasa da alƙali mai riƙe da kati ba, kuma dokar satar gida sai an zana musu ita a ƙasa.

Fili da gona

Kakar wasa da kakar amfanin gona tare suke zuwa. Wannan yanki na cikin mafi albarkar ƙasar noma a jihar, ana noma masara da dawa da waken suya da auduga. Daga Oktoba zuwa Disamba babu gidan da ba ya neman hannu, kuma a 'yan shekarun nan girbi gaggawa ake yi masa, domin manomi ba ya son barin amfaninsa a gonar da ba shi da tabbacin komawa gobe. Ɗan wasan gaba na iya ɓacewa mako biyu yana karyar masara, babu mai ce masa don me.

Filin ma sai an yi masa aiki. Damina kan bar shi da ciyawa har gwiwa, sai yara su zo da lauje da adda. Gara ta cinye turakun raga, sai a nemo sababbin itatuwa. Layuka da toka ake zana su, ko da farar ƙasa, wadda Allah ya hore wa Ƙanƙara. Da hunturu ya shigo ƙasa ta ƙeƙashe, sai ƙaya ta shiga farautar ƙwallo. Makarantar da ta fara kaka da ƙwallaye uku tana cikin masu hali.

Lissafin rana

Babban abokin hamayyar kowace ƙungiya a nan shi ne faɗuwar rana. A al'ada bayan sallar la'asar ake take wasa, wajen ƙarfe huɗu da kwata. Minti 45 sau biyu da hutun minti 15 sun kai minti 105, wato ƙarfe shida ke nan, daidai lokacin da rana ke faɗuwa a watan Nuwamba. Masu gida sai su taka zuwa gidajensu. Baƙi kuwa hanya ce a gabansu, cikin duhu.

Hanyoyin ba sai an gabatar da su ga ɗan yankin ba. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, hanyar da ta haɗa Ƙanƙara da ƙasar Faskari. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, aka shafe watanni ba a iya kiran maƙwabci, balle a shirya wasa. Mai zuwa Sabuwa daga Funtuwa ta Ɗandume yake bi, kuma duk direba ya san sa'ar da ba a shiga wannan hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, shatar motar da za ta ɗauki yara sha takwas ta zama abin da sai shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye sun zauna a kai.

Dabarar da malamai suka samo ita ce a mayar da wasa safiyar Asabar, ko a rage kowane zagaye zuwa minti 30 ko 35, ko kuma a haɗu a tsakiya, a Funtuwa ko Malumfashi. Kowace dabara tana sauya wasan kansa. Gajeren wasa yana taimakon ƙungiyar da ta riga zura ƙwallo ta koma baya ta tsare gida, yana kuma rage fifikon masu dogon numfashi da suka saba cin wasa a mintunan ƙarshe. Canjaras na yawaita, sai a tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shi ya sa a littafin malamin sunan mai tsaron gida ne a sama, da layi biyu a ƙarƙashinsa.

Izinin uba

Kafin ya saka sunan yaro a jerin masu tafiya, malamin yakan je gidansu da kansa. Mahaifin mai tsaron gidan nasa manomi ne, ya karɓe shi a zaure, ya saurare shi har ya gama.

"Malam, ban hana shi ƙwallo ba," in ji dattijon. "Ni ma na buga a zamanina. Amma idan za ku fita gari, ƙarfe nawa za ku dawo?"

"Baba, kafin azahar muna gida, in sha Allahu. Kuma ni ne a gaban mota."

"To, na ba ka amanarsa. In aka ce hanya ba daɗi, ku haƙura da wasan."

Sau biyu a bara malamin ya haƙura ɗin, aka ba abokan karawa maki uku ba tare da sun taɓa ƙwallo ba. Bai taɓa yin da-na-sani a kai ba.

Akwai kuma sunan da yake rubutawa duk shekara da fensir. Wani yaro ne Bafillace daga wata ruga a bayan gari, ɗan gefe mai gudun barewa, wanda ya daina zuwa makaranta lokacin da zargi ya yi yawa tsakanin mutanen gari da na ruga. Babu wanda ya kore shi, shi ma bai yi sallama da kowa ba. Malamin na ganin filin makaranta na cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Bahaushe zai miƙa wa ɗan Bafillace ƙwallo ya kuma dogara da shi ya ci. An ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jiha a Oktoba 2023 a ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, an kuma yi zaman sulhu a wasu wurare a 2025, har da ƙasar Faskari. Ma'aunin malamin na ko zaman lafiya ya kankama shi ne ranar da zai sake rubuta wannan suna da biro.

Hasashen bana

A ganinsa, makarantun cikin garin Ƙanƙara ne ke kan gaba, saboda yawan yaran da za a zaɓa daga ciki da kuma kusanci da Malumfashi, inda za a iya samun wasannin sada zumunta. Matsalarsu ita ce haɗa baƙi da 'yan gida su zama tsintsiya ɗaya kafin a fara gasa. Na Faskari ƙarfinsu a rarrabe yake tsakanin Faskari da Sheme da 'Yankara da Daudawa, kuma rabonsu ya rataya a kan lafiyar babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Yaran Sabuwa yana tsoron haɗuwa da su a filinsu, don aikin gona ya gina musu jiki, amma nisa yana hana su gogayya da na waje, gajeren wasa kuma yana danne fifikonsu.

Malamin ba ya yi wa yaransa alkawarin Turai. Yana gaya musu cewa Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa karo na farko a Sin a 1985, kuma ta ɗauke shi sau biyar zuwa 2015. Yana gaya musu cewa an farfaɗo da gasar kofin shugabannin makarantu ta ƙasa a 2021, kuma Katsina United ta koma babbar gasar ƙasa a 2023, tana wasa a filin Muhammadu Dikko. Sannan ya ƙara da cewa cikin ɗari da wuya ɗaya ya taka wannan fili. Abin da ya tabbatar da idonsa ya fi wannan kusa: yaron da ke cikin ƙungiya ba ya fashin makaranta, domin dokar malamin ita ce wanda bai shiga aji ba da safe ba zai sa riga da yamma ba. Da wannan doka ya riƙe yara da dama har suka rubuta jarrabawar ƙarshe.

A shafin bana ya rubuta buri uku: a buga duk wasannin da aka tsara, a kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma yara sha takwas ɗin da suka fara kaka su kasance cikin rajista har zangon karatu na uku. Wasan gwaji na farko an sa shi safiyar Asabar ta biyu bayan an gama karyar masara, ƙarfe tara, idan direba ya ce hanya lafiya.