Kafin Ka Miƙa Kuɗin Gida, Ɗana

Cinikin gida a ƙasarmu, daga Ƙauran Namoda har Shinkafi da Zurmi, yawanci a zaure ake ƙulla shi bayan la'asar. Dillali ya kawo mai saye, a zagaya gida, a leƙa ɗakuna, a duba rijiya da makewayi, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Sai a aika a kira mai unguwa da dattawa biyu, a sami yaro mai kyan rubutu ya yago takarda ya rubuta cewa wane ya sayar wa wane gidansa, gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da hanya. Mai iya sa hannu ya sa, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa, a shafa fatiha, dillali ya karɓi la'adarsa. An sha kirana shaida a irin wannan zama, kuma ban raina shi ba, domin a kansa iyayenmu suka rayu. Amma ina so ka san iyakar ƙarfin wannan takarda. Tana tabbatar da cewa ka biya kuɗi. Ba ta tabbatar da cewa wanda ya karɓi kuɗin shi kaɗai ke da gidan.

A da wannan bai zama matsala ba, saboda kowa ya san kowa. Mai unguwa ya san wanda ya gina gidan, ya san matansa da 'ya'yansa, ya san ko an raba gado ko ba a raba ba. Yanzu abin ya sauya. Rashin tsaro ya taso mutane daga ƙauyuka sun cika garuruwa, mutum ya sayar da 'yan shanun da suka rage masa, yana neman inda zai sa iyalinsa kafin damina, a unguwar da bai san kowa ba. Magada kuma sun warwatsu, wani yana Gusau, wani Legas, wani ya ƙetara Maraɗi. Mai saye yana cikin gaggawa, mai sayarwa yana cikin matsi, farashi ya hau, kuma a irin wannan hali ne ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Akwai wani bawan Allah da ya baro ƙauyensu a ƙasar Zurmi ya sayi gida a Ƙaura daga hannun babban ɗan mamaci. Takarda ta yi kyau, shaidu sun sa hannu, ya biya lakadan. Ya rushe tsohon ɗakin ƙasa ya tayar da na bulo, ya sa kwano, ya haƙa masai. Bayan an kwana biyu sai ga ƙanwar mai sayarwa ta zo daga gidan aurenta a Shinkafi, ta tsaya a ƙofar zaure da goyo a baya, ta ce, “Malam, ni ba rigima ta kawo ni ba. Gidan ubana ne, kuma ba wanda ya tambaye ni.” Na ga mutumin nan ya fito da takardarsa daga cikin leda, hannunsa na rawa, yana nuna mata dangwalen yayanta. Ta duba ta ce, “To ina nawa?” Babu. Babu na uwarsu ma, wadda ke raye. Yayan kuwa ya riga ya cinye kuɗin. Ita tana da gaskiya, shi ma mai sayen ba a ce ya yi laifi ba, amma shi ya yi ta jeka-ka-dawo a kotu, har ya ƙara biyan wasu kuɗin kafin ya zauna lafiya.

Saboda haka tambayarka ta farko ita ce: yaya gidan nan ya zo hannun mai sayarwa? In ya ce gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ga sunan wanda gidan ya faɗa wa. In ba a raba ba, to kowane magaji sai ya yarda, mace da namiji. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu, 'ya mace tana da rabin rabon ɗan'uwanta, kuma ba wanda ya isa ya sallama mata haƙƙinta ba da yawunta ba. Kada ka yarda da “ai na yi magana da su”. A kira su, ko a je inda suke, ka ji da kunnenka. In akwai maraya ƙarami a cikin magada, rabonsa ba ya sayuwa da bakin yaya ko kawu kawai, sai da wasiyyi ko izinin alƙali. Wannan kam ko da kotu ba ta kama ka ba, ka san inda za a tambaye ka.

Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Zamfara a watan Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, mutane sun ƙara sabawa da kotunan shari'a, amma har yanzu da yawa ba su san hukunce-hukuncen Malikiyya da suka shafi gida da gona ba. Akwai shuf'a: in mutum ya sayar maka da rabonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya ka kuɗinka ya karɓe. Wanda yake nan ya sani ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya gari yana nan a kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Akwai kuma hauzi, wato in baƙo ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi, mai shi yana gani bai ce uffan ba, kuma ba abin da ya hana shi magana, to da'awarsa ta yi rauni. Ka lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Wanda tsoron 'yan bindiga ya kora daga gonarsa yana da uzuri, shirunsa ba yarda ba ne. Duk wanda ya zo maka da gona mai araha a ƙauyen da aka watse, yana cewa ai shi ke nomanta shekara da shekaru, ka bincika sosai. Ranar da Allah ya kawo lafiya masu ita za su dawo, kuma ina roƙon ya kawo ta.

Ban da hukuncin malamai akwai na gwamnati, kuma dole ka ɗauki biyun tare. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saye a idon doka shi ne ikon zama da amfani, kuma takardar mallaka ta gwamna, wadda ake kira si-of-o, galibi shekara 99 ake rubutawa a cikinta. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izini a kansa, sauran kuwa ƙaramar hukuma. Sashe na 22 ya ce mai takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Yawancinmu muna tsallake wannan mataki saboda kuɗi da wahalar zuwa Gusau, sai ka ga mutum ya shekara ashirin a gida amma a ofishin filaye sunan wani ne a fayil. Ranar da ya nemi rance a banki, ko gwamnati ta zo fitar da hanya za a biya diyyar gini, ranar zai gane.

A Ƙaura akwai abin da ya kamata ka ƙara kiyayewa. Layin dogo ya iso garin tun 1929, kuma filin da ke gefensa na hukumar jiragen ƙasa ne, wato na gwamnatin tarayya, ko da jirgi ya daɗe bai wuce ba. Haka filin Kwalejin Fasaha ta Tarayya, da makarantu, da maƙabarta, da burtali, duk ba na sayarwa ba ne. Hatimin mai unguwa ba ya halatta ko taku ɗaya daga cikinsu. Tsofaffin takardu kuma, waɗanda aka bayar kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996, galibi sunan Jihar Sakkwato ke kansu. Wannan ba aibi ba ne, amma sai an bi an tabbatar fayil ɗin yana nan a Gusau kuma lambar ta dace.

Wannan bin diddigi shi ne aikin lauya, kuma nan ne mutanenmu ke ja da baya. Mun ɗauka lauya na ranar rigima ne. Mutum zai biya dillali la'ada ba musu, amma a ce ya biya wanda zai duba masa takarda sai ya ce ɓarnar kuɗi ce. Ni dai na ga abin da shari'ar shekara uku ke ci, kuɗin mota kaɗai ya ninka abin da lauyan zai karɓa tun farko.

Ka ɗauki naka lauyan. Kada ka yarda da wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo, ko da mutumin kirki ne, domin wanda ya kira shi shi zai kare. Ka tabbatar lauya ne na gaske: kowane lauya yana da lambar rajista a Kotun Ƙoli, yana kuma da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa mai ɗauke da sunansa, wanda yake liƙawa a takardar da ya rubuta. Ka nemi ka gani, in kana shakka ka tambaya a reshen ƙungiyar da ke Gusau. Akwai masu yawo a bakin kotu da jaka da kwat suna rubuta wa mutane yarjejeniya, alhali doka ta keɓe wa lauya rubuta takardar cinikin ƙasa don a biya shi. Sannan ka nemi wanda ya san fiƙihun gado kamar yadda ya san dokar boko, domin gidajenmu kusan duk ta hanyar gado suka biyo. Wanda zai zauna da ku ya yi bayani da Hausa, ya karanta maka takardar layi-layi har ka gane, ya fi maka wanda zai cika ka da Turanci.

Galibin ofisoshin lauyoyi suna Gusau, kuma na san halin da hanyoyinmu ke ciki. Duk da haka ka tambaye shi kai tsaye, “Barista, za ka zo ka ga wurin da idonka, ko za ka turo wanda ka amince da shi?” In ya ce daga ofis zai gama komai, ka nemi wani. Sai an taka wurin ake ganin indararon maƙwabci yana zuba a tsakar gidan, ko katangar da ake taƙaddama a kanta, ko lungun da mutum uku ke cewa nasu ne. Sai an tsaya da maƙwabta ake jin cewa gidan yana jingine a hannun wani ɗan kasuwa. In fili ne kusa da gulbin Gagare ko Bunsuru, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta, kada ka tsaya ga yadda ka gan shi da rani. A Gusau kuma lauyan ya shiga ofishin filaye da hukumar ZAGIS mai ajiye bayanan filaye ya duba sunan wa ke kan fayil, ko akwai bashin banki, ko an taɓa soke takardar, ya kuma kawo maka sakamakon a rubuce. Ku yi maganar kuɗin aikinsa tun ranar farko, ya bambance maka nasa da na gwamnati, kowanne da rasit.

Wasu tambayoyi kullum sai an yi mini su. Kafin alƙalami yana dawowa in ciniki ya warware? Abin da kuka rubuta shi zai yi aiki, don haka a rubuta tun kafin ka miƙa. Wace kotu za a je in rigima ta taso? In filin yana da takardar gwamna, Babbar Kotu ce ke da hurumin mallakarsa, rabon gado kuwa na kotun shari'a ne, kuma kai ƙara inda ba hurumi yana cinye shekara a banza. In akwai ɗan haya a gidan fa? A rubuta ranar da zai tashi da wanda zai sallame shi, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin har ka karɓi makulli.

Biyan kuɗi ka yi ta banki, zuwa asusun mai sayarwa da sunansa, kada ka tura wa dillali. A kira safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, maƙwabta suna tsaye. Mai unguwa da dattawa su sa hannu kamar yadda aka saba, domin shaidarsu tana da nauyi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

In matarka ce ko mahaifiyarka ta sayar da awakinta da zinarinta ta ba ka ka saya mata, sunanta za a rubuta, da na mahaifinta, ita ce kuma za ta dangwala. Na ga mata da yawa da aka saka gidajensu cikin gadon miji saboda an rubuta sunansa don kunya ko sauƙi. Takardun kuma ka yi musu kwafi uku. Ɗaya a gida, ɗaya wurin lauya, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, ka kuma ɗauki hotonsu a waya ka tura wa wanda ka yarda da shi, saboda an ƙona gidaje a ƙasar nan da takardun mutane a ciki.