Mambayya da akwatin Baba

Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda kowa ke kira Mambayya, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. An gina babban ɗakin taro mai sunan Sa'adu Zungur, ga ɗakin karatu, amma an bar ɗakunan Malam da kayansa yadda za a gani, kuma kabarinsa na nan cikin gidan tun rasuwarsa a watan Afrilun 1983. Mutumin da ya girgiza Arewa da NEPU daga 1950, ya nemi shugabancin ƙasa a PRP a 1979, abin da ya bari bai fi na malamin makaranta ba.

Maziyarta da yawa wannan ƙanƙan da kai ne ke sa su hawaye. Ni kuwa da na je, kishi ne ya turnuƙe ni, kishin cewa an samu waɗanda suka tsaya suka ce kada a taɓa kayan nan, jikoki za su zo nema.

Baba, Allah ya jiƙansa, tela ne a Maiduguri, kuma ɗan a-mutun Ibrahim Imam ne, wanda ya ajiye muƙamin babban sakataren NPC a 1954 ya zama jigon jam'iyyar samarin Borno, BYM, ƙawar NEPU a lokacin. Saboda wannan ra'ayi Baba ya rasa masu kawo masa ɗinki, har wasu dangi suka daina amsa sallamarsa. Katinsa na jam'iyya, da wasiƙun ajami, da hotuna, duk suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Inna a Gwange. Kullum ina cewa sai na samu sarari zan zauna in duba su.

A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare. Mun tsira da rayukanmu, Alhamdulillahi. Da ruwa ya janye na buɗe akwatin, takardun sun dame, tawada ta bi ruwa, fuskokin hotuna sun goge.

Shi ya sa a Mambayya na kasa sauraron mai yi mana bayani. Borno ta fitar da Sir Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, ta fitar da Waziri Ibrahim mai siyasa ba da gaba ba. Sunayen manya ba sa ɓata, akwai tituna da makarantu. Amma tela da ya sha tsangwama saboda ƙuri'arsa, 'ya'yansa kaɗai gare shi.

Da na dawo gida na je wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, na kunna rikodar waya. Ta dube ni ta ce, "Kai yaro, sai yanzu?" Sannan ta gyara zama ta fara da ranar da dogarai suka zo shagonsa, ba ta tsaya ba sai da aka kira magariba, ta ce in dawo Juma'a akwai saura.